Takardata a Hannun Lukmanu

Salamu alaikum. Na ga abin da kuka rubuto a ƙasan rubutuna na wancan karon. Wata 'yar'uwa ta ce, "Mubina, sanyinki ya yi yawa, da ni ce da tuni na birkita musu ofishin." Allah ya bar zumunci, 'yar'uwa. Ni haka aka halicce ni, ban iya ɗaga murya ba, sauraro na iya. Kuma ku yi haƙuri in kun ga rubutuna ya karkace. Sai da na girma na gama tallan nono sannan na fara riƙe biro, a ajin manya na Malama Rahma a Bunkure.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke. Babana ya rasu ya bar mana gona guda a bakin kanal, wato hanyar ruwan noman rani, ita ce cinmu ita ce suturarmu, ni da mahaifiyata da muke kira Inno. Bara aka gyara kanal, aka sake auna gonaki, aka kafa turakun siminti masu lamba. Da aka liƙa sunayen waɗanda za a sakar wa ruwan rani, babu sunan Baba, babu namu. Mai buɗe ƙofar ruwa ya ce shi da suna yake aiki, ba da fuska ba. Takardar da aka ba Baba tun asali kuwa ta narke shekarar da ɗakinsa ya rushe da damina. Saura wadda ke ajiye a ofishin ruwa. Ita nake nema.

Malama Rahma ce ta ce da ni akwai doka. Kowa yana da ikon ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi ganin takarda, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma cikin kwana bakwai sai sun amsa, ko su bayar ko su rubuta abin da ya hana. Ta kama hannuna ta ce, "Amma ki ji da kyau. Biyu za ki kai. Su riƙe ɗaya, su buga miki hatimi a ɗaya ki dawo da ita gida. In babu hatimi, ba ki kai komai ba."

Na rubuta da hannuna, na sa hannu da cikakken sunana. Sai dai ban kai da ƙafata ba.

Shugaban rajistar ofishin, Alhaji Hashimu, kawun Lukmanu ne. Lukmanu kuwa kun san shi, shi ne wanda ya tarar da ni ina haɗa baƙaƙen allon gargaɗi a bakin gada, ya tsaya da mashin ya ce, "Sannu Farfesa," sunan ya bi ni har yau. Asabar mai zuwa danginsa za su zo sa rana, kuma Alhaji Hashimu ne zai ja gaba. A gidanmu yarinya ba ta tsayawa gaban surukinta. Ko a hanya na hango motarsa, gonar masara nake faɗawa. Inno ta ce, "Ki je ki tsaya masa a ka da takarda a hannu? Ba dai 'yar da na haifa ba." To Lukmanu yana aikin wucin gadi a rajistar, kawun ne ma ya samo masa. Sai na naɗe takarduna biyu a leda na ba shi.

Bakwai ɗin ta zo ta wuce, wata bakwai ɗin ma ta bi ta.

Ranar Talata da safe na tarar da Inno a bayan gida tana ba irin tumatir ruwa da gwangwani. Irin ya isa dashe tun tuni. Ya yi tsawo ya sirance, ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, yana kwanciya a kan juna. Maƙwabtanmu duk sun dasa, fangalinsu ya yi kore shar, tamu gonar tana tsakiya a bushe ta tsattsage.

"Inno, kawo in karɓe ki."

"Bar shi." Ba ta ɗago ba. "Yaron nan ya ce me?"

Ba ta faɗar sunan Lukmanu. Tun da ya fara zuwa zance ya zama yaron nan.

"Ya ce ana kan dubawa."

Ta tsoma gwangwanin a bokiti, ta daɗe ba ta ciro shi ba. "In ya wuce Juma'a a nan, sai dai akuya ta ci."

Na koma ɗaki na ɗauki wayata mai tsagaggen gilashi. Ni a hankali nake rubuta saƙo, harafi bayan harafi.

"Ina kwana. Don Allah kwafin mai hatimi fa?"

Nan take ya amsa. "Farfesa ta tashi da aiki. Kin karya kuwa?"

"Na karya. Kwafin?"

"Yana durowata a ofis. Relax, komai normal."

"Ka ɗauko min hotonsa."

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta ɓace. Can sai ga shi: "Wane kalar leshi kike so, ruwan zuma ko ruwan ƙasa? Hajiyarmu na tambaya."

Jama'a, ni ba mai zargi ba ce. Amma na yi shekaru ina zaune a bakin kasuwa da ƙwarya a gabana, ina jin mutane suna ciniki. Na san muryar wanda zai saya, na san ta wanda yake neman hanyar tashi. Saƙon nan irin na biyun ne.

Da la'asar Baffa Haladu ya zo, ƙanen Babana, shi ne waliyyina. Ya tuɓe takalmansa a ƙofar rumfa kamar kullum, baƙaƙen soso masu kauri, na hagun maɗaurinsa ya taɓa tsinkewa, ni na ɗinke masa da shuɗin zaren buhu. Tun ina ƙarama aikina ne, in babba ya shigo, in haɗa takalmansa in juya su su fuskanci waje, yadda in ya fito sai dai ya zura ƙafa. Na juya su, na kawo masa fura, na koma gefe na durƙusa.

"Mubina, na ji wani zance." Ya sha furar ya goge gemu. "Wai kin rubuta wa gwamnati takarda?"

"E, Baffa."

"Ikon Allah. Jiya-jiya aka koya miki a da ba, yau har kin kai ga gwamnati." Ya yi dariya, shi kaɗai. Ya juya wajen Inno. "Ke kuma kina kallo? Mutanen nan Asabar za su zo mana da mutunci. A ce yarinyar da za su ɗauka ta kai ƙarar ofishin babansu?"

"Ba ƙara ba ce, Baffa. Gani kawai na nema."

"Ki ga me? Abin da manya suka auna suka rubuta?" Muryarsa ta sauka, ta yi laushi. "Ki bar min maganar gona. Ni ne uba. Bayan biki zan shiga in fita, in ma bana ta wuce, baɗi tana nan. Hatsin da za ku ci ba zai gagare ni ba."

Inno tana tsinke zogale a faifai. Ta ce, ba ta kalle shi ba, "Marigayi bai taɓa bari mun ci na wani ba."

Baffa ya miƙe ya ce gobe da sassafe zai tafi Dawakin Kudu ta'aziyya, sai jibi zai dawo, kuma yana so in ya dawo ya tarar an rufe wannan zancen. Ya zura takalmansa ya fita.

Washegari na ce da Inno zan je wajen Malama Rahma. Na je ɗin, amma aron niƙabi na je. Na sa doguwar rigata ta atamfa mai ganyen kuka, na ɗora hijabi ruwan toka har ƙasa, na ɗaura niƙabin. A jakata akwai takarda ta uku, wadda tawada ta ɗiga a gefenta na ƙi bayarwa, da biro da fallayen littafi. Na ce a raina, ba tsayawa gaban suruki zan yi ba. Zan leƙa ne in tambayi ma'aikata in dawo, ba wanda zai san ni ce.

Ban taɓa shiga ofishin gwamnati ba sai ranar. Doguwar baranda ce da benci, sai ɗaki mai kanta. Bayan kantar fayil-fayil ne ɗaure da igiya, an jibge su har kusa da silin, na ƙasan sun sha ruwa sun kumbura. Fanka tana sama ba ta motsi. Can ciki akwai wata ƙofa mai labulen leshi, a rufe. Teburin da ke kusa da ita babu kowa, amma na gane hular da ke kai. Ni na zaɓa wa Lukmanu ita a kasuwar Bunkure.

Na zauna a benci na yi abin da na iya, na kasa kunne.

Wani dattijo daga Kura yana gefena, da takardu a cikin ledar burodi. Ya ce da na kusa da shi, "Zuwan farko aka ce mai makullin ya tafi masallaci. Na biyu aka ce fayil ɗin yana sama. Na hau saman, aka ce ya sauko."

"Yau fa?"

"Yau an ce in jira."

Matar da ke kanta, na ji suna kiranta Hajiya Murja, tana ɓare gyaɗa tana amsa mutane ba ta ko ɗaga kai. Na lura da abu guda. Duk wanda ya miƙa takarda, sai ta karanta kanta kawai, ta jefa a wani kwandon roba da ke ƙasan kanta. Kwandon ya cika har ya yi tozo. Da layi ya zo kaina na gaishe ta, na ce na aiko da takarda ne, ina so in ji inda ta kwana.

"Koke ce ko ta doka?"

"Da bambanci ne, Hajiya?"

Sai a nan ta ɗago ta dube ni. "'Yar nan, koke roƙo ne. Ga kwandonsa nan, ranar da Oga Alhaji Hashimu ya samu sarari ya duba, in bai samu ba shi ke nan. Ta doka kuwa littafinta daban, hatiminta daban. Da an buga, kwana ya fara ƙirguwa, kuma sai an aika sama an sanar. Shi ya sa ba a son ta." Ta watsa gyaɗa a baki. "Sunanki?"

Na faɗa a hankali. Ta jawo wani siririn littafi mai jan bango, ta buɗe. Shafin farko ma bai cika ba. Ta bi da yatsa ta ce babu. Ta sunkuya ta jawo kwandon, ta yi ta tonawa, can ƙasa ta zaro wata farar takarda.

"Ga ki nan. Koke ce."

Ba rubutuna ba ne. Da na'ura aka buga ta, da Turanci. Na gane sunana a ƙasa, sauran ya fi ƙarfina. Na ce ta taimaka ta fassara min.

"Kin ce ke marainiya ce. Kina roƙon alfarmar Oga ya dube ku da idon rahama, in hali ya yi." Ta juyo min da ita. "Ga dangwalenki."

A wurin sa hannu, babban yatsa ne aka dangwala da shuɗiyar tawada. Faffaɗa, na namiji.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Na yi watanni ina koyon sa hannun nan. Na cika bayan kwalin sabulu da shi, na rubuta shi a ƙasa da tsinke, Inno tana dariya tana cewa kaji ne suka yi tono. Ranar da na fara sa shi a rajistar aji, Lukmanu na fara nuna wa. Shi ne ya ce ya fi na gwamna kyau. Yau shi ne ya mayar da ni mai dangwale.

Ban yi kuka ba. Niƙabin ne kawai ya riƙa manne min a baki.

"Hajiya, in na kawo ta doka yanzu, za a karɓa?"

Ta kalli ƙofa mai labule, ta kalle ni. "Biyu ake kawowa. Kuma hatimin ba a hannuna yake ba, yana wajen yaron da ya bar hularsa a teburin can. An aike shi sayo wa Oga da baƙonsa lemo."

Na koma benci. Na ciro mai ɗigon tawadar, na ɗora fallen littafi a gwiwata, na fara kwafa. Biro yana ta huda takarda. Dattijon Kura ya zaro wani kwali daga ledarsa ya tura min ƙarƙashin fallen. Ina kan layin ƙarshe na ji ƙarar mashin ɗin da ko a cikin barci na san shi.

Ya shigo da lemo biyu a leda, cikin farar shadda mai aikin wuya ruwan toka, ya wuce ni bai sani ba. Ya kai lemon ciki ya fito ya zauna. Na tashi. Na ajiye takardun biyu a gabansa.

Rubutun ya fara gani. Ya daɗe a kansa kafin ya ɗago.

"Farfesa." Da ƙyar ta fito. "Me kike yi a nan?"

"Na kawo takarda. Ta doka."

"Mu fita waje, don Allah."

"A nan hatimin yake."

Ya waiga ƙofar, ya matso da kansa, yana magana ta cikin haƙora. "Ki saurare ni. Na kai wa Kawu takardarki kamar yadda kika ba ni. Ya karanta ya ce duk ranar da takarda irin wannan ta shiga jan littafi a kan gonakin layinku, in nemi wani aikin. Ban ma samu takardar ɗauka aiki ba tukuna, Mubina. Me zan riƙe ki da shi? Na ce in mayar da ita koke, bayan biki in lallaɓa shi cikin ruwan sanyi. Don mu na yi."

"Yatsan waye?"

Ya kawar da kai.

"Ka san na iya sa hannu."

"Na sani."

"Irin Inno ba zai kai bayan biki ba. Juma'a ma ba zai wuce ba."

"To ki ba ni zuwa Asabar. Asabar kawai. A sa ranar nan, wallahi Litinin da hannuna zan..."

Labulen ya motsa. Alhaji Hashimu ya fito, babbar riga ruwan sararin samaniya, tabarau a goshi, ya bar ƙofar a buɗe kaɗan a bayansa. Jikina ya riga tunanina, sai ji na yi na zube a kan gwiwoyina a simintin. Duk tarbiyyar gidanmu tana ce min in tashi in gudu. Amma hannuna ɗaya yana kan tebur, a kan takardun, ya ƙi saukowa.

"Lafiya? Wace ce wannan?"

Hajiya Murja ce ta ce daga kanta, tana kakkaɓe ɓawon gyaɗa, "Ai surukarka ce, ranka ya daɗe. Ta kawo ta doka."

Na sa ɗaya hannun na ɗage niƙabin, idona a ƙasa. Na ce, "Ina wuni, Baba."

Bai amsa gaisuwar ba. Ya ɗauki takarda ɗaya ya karanta har ƙasa, ya mayar. Da ya yi magana, muryarsa a sake take, har da ɗan murmushi a ciki.

"'Yata, ai gida bai gaza miki ba har ki zo nan. Wannan maganar cikin gida ce. Ɗauki abinki ki je, za mu zauna da manyanki."

"Baba, gani kawai na nema."

"Na ce za mu zauna."

Ban ɗauke hannuna ba. Ina jin dattijon Kura ya taso ya tsaya a bakin ƙofa, wasu ma sun taso. Hajiya Murja ta buɗe jan littafin ta ajiye a kan kanta, ta ɗora biro a tsakiya, ta koma kan gyaɗarta.

Na saci kallon Lukmanu. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya kalli kawunsa. Ya kalli sa hannuna a ƙasan takardar, wanda wutsiyar harafin ƙarshe take lanƙwasa sama. Sai ya jawo durowa. Ya ciro hatimin, ya murza kwanan wata da babban yatsansa, a hankali, har ya zo kan na yau.

"Lukmanu," in ji Alhaji.

Ƙarar ta cika ɗakin. Ya buga a ta farko, ya buga a ta biyu. Ya sa hannu a ƙasan kowace, ya miƙo min mai ɗigon tawadar da hannu biyu, bai yarda mun haɗa ido ba.

Alhaji Hashimu ya sauke tabaransa daga goshi ya saka a aljihu. "Ka gaya wa babarka," ya ce, "Asabar ina da tafiya." Ya juya ya shige, ya ja ƙofar.

Na miƙe da takardata, tawadar hatimin ba ta bushe ba, ina riƙe da ita nesa da hijabina. Ina so in ce wa Lukmanu wani abu, ban san ko na gode ba ne ko wani abin daban. Ya kifa kansa a kan tebur. Sai idona ya sauka a bakin ƙofa mai labule, inda baƙon Oga ya tuɓe takalmansa kafin ya shiga.

Baƙaƙen soso ne masu kauri. Na hagun an ɗinke maɗaurinsa da shuɗin zaren buhu.

Na Baffa ne. Dawakin Kudun da ya ce zai je ke nan.

Daga ciki na ji tarin da na sani tun ina goye, gajere, sau biyu. Na taka a hankali na je bakin ƙofar, na durƙusa, na haɗa takalman, na juya su suka fuskanci waje.